«Ranar da na fara shiga konser»: abin da mutanen Tasawa da Mayahi ke tunawa, da abin da dandamali ya yi wa waƙar baka

0. Gabatarwa

Akwai tambayar da masu binciken kiɗan zamani suke yawan yi wa mutane, wadda aka ɗauko daga Turai yadda take: yaushe ka fara zuwa kallon mawaƙi ido da ido? A Faransa tambayar tana da ma'ana, domin yaro yakan san muryar mawaƙi a faifai ko a rediyo shekara da shekaru kafin ya tara kuɗin zuwa ganinsa, saboda haka ranar ganin takan zama abin tarihi a rayuwarsa. A ƙasar Tasawa da Mayahi lamarin a juye yake. Ranar da aka raɗa wa mutum suna, maroƙa suna ƙofar gida. Yana goye a bayan uwa aka je da shi gidan biki. Kafin ya iya riƙe hauya ya ji gangar noma a gonar gayya. Babu wanda zai iya faɗin ranar da ya fara ganin makaɗi, kamar yadda babu mai tuna ranar da ya fara shan fura.

Duk da haka, in aka yi wa mutanen da suka yi ƙuruciyarsu tsakanin 1975 da 1995 wannan tambaya, ba sa rasa amsa. Sukan ba da labari, kuma labarin yana da kama ɗaya daga baki zuwa baki. Manufar wannan ɗan nazari ita ce mu duba abin da ke cikin irin wannan labari, mu ga mene ne ainihin abin da mutum ya fara gani a daren. A ganinmu, ranar da suke nufi ita ce ranar da suka fara zama baƙi a wurin kiɗa, wato suka biya kuɗi a ƙofa, suka zauna gaban makaɗin da bai san sunan ubansu ba. Wannan canji ya taɓa ƙirar waƙar kanta, kuma ya taɓa irin matanin da ɗalibai suke nazari a kansu a yau.

1. Abin da ake tunawa

Abu na farko da ke fitowa a labarin shi ne katanga. Wani lokaci katangar gidan matasa da al'adu ce, wanda kowa ya fi sani da MJC. Wani lokaci zana ce aka kewaye filin lakwal da ita na dare ɗaya. Daga nan sai ƙofa, da mai yagar tikiti, da gardi riƙe da bulala. Mai ba da labari yakan daɗe a nan: yadda ya samu ƴan dalolin shiga, ko yadda bai samu ba ya hau bishiya, ko ya jira har dare ya raba aka saki ƙofa yara suka kwarara ciki. Sai hasken lantarki da ƙwarin da ke kewaye shi, da rurin injin wuta a bayan fage, da kujerun gaba inda sufurefe da sarki da manyan ma'aikata suke zaune, da jawabin Faransanci da aka yi kafin a fara. Kusan kowa yana tuna lokacin da injin ya mutu, wuri ya yi duhu, aka ɗauki ihu.

Abin lura shi ne, in ka ce wa mai labarin ya rera maka abin da aka rera a daren, sau da yawa sai ya tsaya. Yakan tuna launin rigar mai gitar, ya manta baitin. Mutumin nan kuwa, in ka taɓo masa dandalin ƙauyensu, zai kawo maka waƙar gaɗa tun daga gindinta, ya faɗa maka yarinyar da ke bayarwa da waɗanda ke amsawa, ya buga maka takensa da yatsu a kan gwiwa. Dalilin a fili yake: a dandali da shi aka yi waƙar, a konser kuwa a gabansa aka yi ta.

Akwai kuma wani abu da dattawa suka fi ambata, shi ne rabuwar murya da mai ita. Mawaƙi yana can nesa yana motsa baki, muryarsa kuma tana fitowa daga akwatin amsa-kuwwa da aka ɗaure a jikin itace. Wanda ya saba da rediyo bai ga abin mamaki ba a jin murya daga akwati, abin da ya dame shi shi ne ga mutumin tsaye, amma ba daga wajensa sautin ke zuwa ba.

Ya kamata a ƙara da cewa ba kowa ne ya ga nasa na farko a gida ba. Samarin wannan yanki sun daɗe suna gangarawa cin rani Katsina da Daura da Kano, kuma da yawansu a can suka fara biyan kuɗi don su ga makaɗin da suka sani ta Rediyon Kaduna. Labarinsu bai bambanta da na waɗanda suka tsaya gida ba, sai dai a maimakon dala, naira ce.

2. Wurin da makaɗi ya san ka

Domin a gane nauyin wannan baƙunta, sai an tuna yadda kiɗa yake tafiya a inda babu ƙofa. A dandali ko gidan biki ko bakin kasuwa, mutane da'ira suke yi, makaɗi yana ciki yana yawo. Ba a biya kafin a ji. Mai kalangu yakan hango saurayi ya saki takensa, sanƙira ya bi da kirari, ya ambaci ubansa da kakansa da sana'ar gidansu, shi kuma ya fito ya yi kyauta a gaban jama'a. Sanƙira ya ɗaga abin da aka bayar ya faɗi yawansa, wani lokaci har da ƙari, don abokin hamayya ya ji. Wanda aka kira ya noƙe, akwai habaici yana jiransa, in ya yi taurin kai a kai ga zambo. M. G. Smith ya bayyana wannan tsari tun 1957 a nazarinsa na roƙo a ƙasar Zazzau, inda ya nuna cewa maroƙi ma'aunin daraja ne a cikin jama'a. Guy Nicolas kuma, a littafinsa na 1986 a kan kyauta da ciniki a yankin Maraɗi, ya nuna yadda bayarwa a bainar jama'a take ɗaure mutane da juna ta hanyar da saye da sayarwa ba sa yi.

Abin da ya shafe mu a matsayin masu nazarin adabi shi ne sakamakon wannan a jikin waƙa. Sa'idu Muhammad Gusau, a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), ya tsaya a kan rabon waƙa zuwa gindi da ɗiya. Gindi yana nan daram, ƴan amshi suna komawa gare shi. Ɗiyan kuwa ba su da adadi, kuma jerinsu ba a kafe yake ba: wanda ya shigo fage yanzu yana iya haifar da sabon ɗa, wanda ya yi kyauta mai tsoka ya sa a tsawaita nasa, wanda ya tashi ya tafi a tsallake shi. Wato masu sauraro suna da hannu a tsawon waƙa da tsarinta, har da zafin harshenta. Waƙar da aka yi a Korgom ranar Talata, in aka sake ta a Kanambakashe ranar Juma'a, gindin ne kawai zai dawo yadda yake.

Tikiti ya yanke wannan igiya. Kowa ya biya daidai da kowa tun a ƙofa, kuɗin kuma ya shiga hannun mai shirya wasa, saboda haka mawaƙi ba ya bin kowa bashi, kowa ma ba ya bin sa ambato. Dandamali ya ɗaga shi sama, igiyar makirfo ta ɗaure shi wuri ɗaya, fitila ta haske shi ta bar jama'a cikin duhu, ko yana so ya gane fuska ba ya iyawa. Kalmar «ƴan kallo» ma a nan ta samu cikakkiyar ma'anarta.

Ba dukan makaɗa ne wannan ya cuta ba. Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa shi kaɗai, ba ƴan amshi, da gajerun waƙoƙi masu magana a kan halin zaman jama'a, kamar don dandamali da rediyo aka yi shi. Waƙarsa tana tsayawa da ƙafarta ko a gaban wanda bai taɓa gani ba. Mamman Shata kuwa, wanda yawancin waƙoƙinsa sunan wani mutum suke ɗauke da shi, ƙarfinsa yana ga yadda yake karanta wuri ya ƙera baiti nan take. A zaunar da jama'a layi layi a hana su motsi a gaban irin wannan mawaƙi, an rage masa rabin kayan aikinsa.

3. Samariya da agogon alƙalai

A Tasawa da Mayahi, hukuma ce ta fara kawo wa yawancin mutane dandamali, kafin ƴan kasuwa. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da samariya ta mai da ita hanyar tattara matasa, kuma daga 1976, da aka fara a Damagaram, aka riƙa yin festibal na matasa na ƙasa yana zagaya manyan biranen jihohi. Kafin a kai can sai an yi tankaɗe tun daga ƙasa: ƙauyuka da unguwanni su kara, a fitar da na gunduma, na gundumomi su haɗu a Maraɗi, a fitar da waɗanda za su wakilci jiha. Janet Beik ta bayyana wannan tsani a littafinta na 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar. Tasawa da Mayahi, da yake kowannensu mazaunin sufurefe ne a lokacin, nan ake yin karawar gunduma, kuma daren wannan karawa shi ne «konser na farko» a bakin mutane da yawa, ko da yake ba haka ake kiransa ba a lokacin.

Ba za a musa alherin wannan zamani ba. An fito da kayan kiɗa da raye-rayen da suka fara ɓuya, ɗan Mayahi ya ga rawar Barebari da ta Buzaye, ƴaƴan da ba gidan roƙo aka haife su ba suka samu damar rera waƙa ba tare da an ce sun zubar da girman gida ba. Wannan na ƙarshe babban abu ne a ƙasar da kiɗa gado ne kuma maroƙi yana ƙasan tsani.

Sai dai gasa tana da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan sun shiga cikin waƙa. Akwai lokaci ƙayyadadde, alƙalai suna duban agogo. Akwai jigon da ake so: haɗin kan ƙasa, yaƙi da hamada, yaƙi da jahilci, zaman gida a bar yawon cin rani. An rubuta baitoci tun da wuri, sau da yawa mushen lakwal ne ya rubuta, an yi ta maimaitawa har kowa ya hardace. Roƙo ba shi da wuri, zambo balle. Abin da ya fito shi ne waƙa mai farko da ƙarshe, wadda za a rera ta a Tasawa a sake ta a Maraɗi ba a canza kalma ba. Ta ɗauki karin waƙar dandali da salon bayarwa da amsawa, amma ɗiyanta an ƙidaye su. Wasu daga cikin waɗannan waƙoƙi suna da daɗi ƙwarai, har yau tsofaffin ƴan samariya suna rera su. Da yawa kuma jawabin sufurefe ne aka sa wa kari, kuma sun mutu tare da bikin da aka yi su dominsa.

A nan ne labarin mata ya rabu da na maza, abin da masu tambaya ba su cika kula da shi ba. Dandali na ƴan mata ne tun asali, su ke bayarwa, su ke amsawa, su ke tafi. Da aka koma bayan katanga da dare, yarinyar ƙauye ba ta da kuɗin ƙofa, ba ta da izinin fita, sau da yawa ma an riga an yi mata aure. Amma rukunin waƙa na samariya da muryoyin ƴan mata aka gina shi. Saboda haka akwai matan da in ka tambaye su ranar da suka fara shiga irin wannan wuri, sai ka tarar a kan dandamali suka shige shi, cikin anko, ana nuna musu inda za su tsaya da inda za su kalla. Abin da suke tunawa shi ne tsoron makirfo da umarnin kada a yi dariya. Waƙar da suka saba juyawa yadda suka ga dama a gaban gidan mai gari, ga shi an ba su ita a takarda.

4. Orkes, da yadda jama'a suka rama

Shekarar 1987, wadda Kunce ya rasu a cikinta, ita ce kuma shekarar da aka kafa gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, makaɗin Tawa. Jim kaɗan bayan haka aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM a Yamai, mai sunan Elhaji Taya. Daga nan ƙungiyoyin orkes suka yawaita, suna bin babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, wadda ta ratsa ta Tasawa. Mayahi da ke gefe, a kan Gulbin Kaba, ba ta samu baƙi kamar haka ba. Taron ƙasa na 1991 ya kawo ƙarshen samariya a matsayin hannun hukuma, sai shirya wasa ya koma hannun masu neman riba da ƙungiyoyin ƴan lakwal da jam'iyyun siyasa.

Rubuce-rubuce da yawa a kan wannan zamani, musamman na jaridu, suna ɗaukar konser a matsayin matakin wayewa: mawaƙi ya fita daga roƙo ya zama «artiste», yana cin guminsa daga tikiti. Masu wannan ra'ayi sukan yi ƙorafi a kan abin da suke kira rashin tsari, wato mutanen da ke hawa dandamali a tsakiyar waƙa suna liƙa wa mawaƙi kuɗi a goshi, da mawaƙin da ke tsayar da baiti ya shiga jero sunayen alhazai da hajiyoyi. A ganinmu sun karanta abin a baibai. Mutumin da ya biya a ƙofa, sannan ya tashi ya sake biya a gaban jama'a, ya nuna cewa biyan farko bai sayo masa abin da ya zo nema ba. Tikiti ya ba shi wurin zama, shi kuwa so yake a kira shi. Da liƙi jama'a suka mai da dandamali dandali gwargwadon iyawarsu, mawaƙan da suka fahimci haka kuma suka bar wa waƙoƙinsu ƙofa a buɗe, inda gitar da ganguna za su yi ta juyawa a kan kari ɗaya har a gama ambato. Wanda ya saurari kaset ɗin orkes na studiyo, sannan ya saurari wanda aka ɗauka a fili, zai ji waƙa ɗaya ta ninka tsawonta, kuma duk ƙarin a wannan ƙofa yake.

Wannan ba ya nufin kowane ambato gwaninta ne. Akwai bambanci tsakanin mawaƙin da ya saƙa sunan mutum cikin kari, ya samo masa kirarin da ya dace da asalinsa, da wanda ke karanta sunaye daga takardar da aka miƙo masa. Na biyun ya yawaita bayan faɗuwar darajar kuɗin CFA a Janairun 1994, lokacin da tikiti kaɗai ya daina biyan hayar kaya da man inji. Mai nazari yana da haƙƙin ya ce wannan ya iya, wannan bai iya ba. Abin da bai kamata ba shi ne a ɗauki ambaton gaba ɗaya a matsayin datti da ya faɗa cikin waƙa.

Misalin Sa'adu Bori, mawaƙin Maraɗi da ya rasu a haɗarin mota a 2008, ya nuna wani gefen matsalar. Ya ɗauko kari da kalmomin bori ya ɗora a kan kayan zamani, kuma faifan Niamey Twice da suka yi da Musa Pusi a 1994 ya kai wannan sauti har Turai. A wurin bori kowane iska yana da nasa kiɗa, kamar yadda Veit Erlmann ya nuna a binciken da ya yi a yankin Maraɗi (1982), kuma Gilbert Rouget (1980) ya riga ya yi bayanin cewa kiɗa shi kaɗai ba ya kayar da mutum, sai an haɗa da wuri da niyya da sanin abin da ake kira. Ke nan taken iska ma ambato ne, ana yin sa don wani ya amsa. A kan dandamali an yi kiran, ba a shirya wa amsa wuri ba. Ɗan birni ya ji kari mai daɗin rawa. Wanda ya tashi a gidan da ake girka ya ji ana kiran sunan da ba a kira da wasa, malami kuma ya ji abin da yake wa'azi a kansa. Tarzomar da aka yi a Maraɗi a Nuwamban 2000, lokacin bikin nunin tufafi na FIMA, inda aka far wa mashaya da wuraren ƴan bori, ta nuna cewa wannan saɓanin ji ba ƙaramin abu ba ne, kuma ta sa iyaye da yawa sun ƙara riƙe ƴaƴansu daga wasan dare.

5. Matanin da ke hannunmu

Yawancin waƙoƙin da ɗalibai suke rubutawa don kundin ƙarshen karatu daga kaset aka ɗauko su, kaset ɗin kuma daga rediyo ko daga festibal ko daga studiyo. Wato an ɗauke su a wuraren da aka riga aka cire jama'a, ko aka zaunar da su. Ɗalibi ya rubuta baiti goma sha biyu, ya ƙidaya, ya ce waƙar tana da ɗiya goma sha biyu, alhali ranar ce take da goma sha biyu. In kuma aka yi sa'a kaset ɗin na fili ne, sai a ga an tsallake maganar sanƙira da guɗa da jerin sunaye, an sa ɗigo uku a wurin, a fassarar Faransanci ma ko ɗigon babu. Wanda ya karanta fassarar zai ɗauka mawaƙin Bahaushe yana tsayawa ne ya rera abin da ya hardace, kamar mai karanta waƙar Lamartine.

Kundin Mahaman Garba a kan kiɗan Hausawan Nijar (Strasbourg, 1992), da ƙamus ɗin Ames da King na 1971, duka sun jera kiɗa ne tare da lokacinsa da masu shi, kuma wannan hanya ce ta kamata a bi har cikin rubuta matani. A saman kowace waƙa a faɗi inda aka ɗauke ta, da ƙofa ko ba ƙofa, da wanda ya kira makaɗin. A ba sanƙira nasa layi, a nuna inda aka tsaya don kyauta da inda aka koma gindi. In an samu waƙa ɗaya a ɗauka biyu, ta gasa da ta biki, a jera su gefe da gefe, domin a tazarar da ke tsakaninsu ne ake ganin abin da mawaƙin ya iya.

Tun daga wajen 2000, da waƙoƙin finafinan Kano suka mamaye kasuwannin Tasawa da Mayahi, daga baya kuma wayar hannu ta maye gurbin kaset, wani sabon yanayi ya shigo: matashi yana hawa dandamali yana motsa baki a kan waƙar da aka riga aka ɗauka da fiyano. A irin wannan wasa ba a iya ƙara ɗa ko ɗaya a fili. Sai ambaton ya koma studiyo, ango ko ɗan takara ya aika da sunaye da kuɗi tun kafin a ɗauki waƙar, a saka su ciki, ranar biki a kunna. Mai rubuta irin wannan matani zai tarar da sunayen a tsakiyar baiti, daidai inda sanƙira yake shigowa a da, kuma zai bukaci ya tambayi mai studiyon wane ne ya biya kafin ya san wa ake yi wa waƙar.